Yadda za ka shirya zaɓen shef ɗin aji a lakwal

Shekara tara ke nan ina riƙe da CM2, ajin ƙarshe na firamare, a nan Tahoua, kuma mu faɗi gaskiya yawancinmu malamai mu ke naɗa shef da kanmu, ka duba yaro mai ƙarfi ko wanda ke ɗauko maka ruwa ka miƙa mishi bulala, shi ke nan ɗiya sun koyi cewa mulki na wanda babba ya so ne. Ga yadda nake yi yanzu.

Tun ran Litinin ka faɗa musu aikin shef, ba rubuta sunan masu surutu kaɗai ba, akwai tsarin shara, kula da alli, da kai kukan aji wajen darekta. Mai so ya ɗaga hannu. In ƴan mata sun noƙe, kuma za su noƙe, ka ba su labarin 13 ga Mayu 1991, ranar da mata suka cika titin Yamai saboda an so a shirya babban taron ƙasa kusan ba su ciki, shi ya sa har yau ran nan ce ranar matan Nijar. Bayan wannan labarin ban taɓa rasa ƴar takara ba.

Kamfe kwana uku, lokacin rekreyasiyo kawai, kowa minti biyu gaban allo. Ba alewa, ba ƙosai. Shekarar farko ban sa wannan doka ba, wani yaro ya zo da leda cike da alewa ya lashe zaɓe, kafin sati biyu aji ya koma kasuwa, abokansa ba su shara, sauran suka zo mini da kuka wai malam a cire shi. Na ƙi. Na ce ku kuka saida ƙuri'arku, sai ku yi haƙuri har ƙarshen trimestir. Wallahi zaɓe na gaba da wani ya fiddo biskit ihu suka yi mishi.

Ranar zaɓe ka samo kwali, ka kifa shi gaban kowa su ga ba komi ciki. Ka ɗaura zane a kusurwa, yaro ya shiga shi kaɗai ya rubuta suna ɗaya a yagen kaye, ya jefa a kwali, ya sa hannu gaban sunansa a takardar sunayen ƴan aji, a shafa mishi tawada a yatsa. Ƙirga kuwa da ƙarfi ake yin ta, kowane ɗan takara da wakilinsa tsaye kusa da kwali, ana jan sanda biyar-biyar a allo. In ƙuri'u sun fi masu zaɓe yawa a sake daga farko. Kai kuma malam ka kame bakinka ko da ɗan gaban goshinka ne ya faɗi, wannan shi ne mai wuyar, na sani.

Wanda ya faɗi ya je ya ba wanda ya ci hannu, sannan ka ba shi aikin sa ido, duk ƙarshen wata a ware minti goma sha biyar shef ya tsaya ya amsa tambayoyinsa da na aji. Sakamakon a rubuta shi da Faransanci da Hausa, ɗaya a manna jikin bango, ɗaya ka kai wa ƴan COGES, wato kwamitin kula da lakwal.