Takardar Koyar da Addini da Kasuwanci: Inda Aikin Yake a Zariya

Wanda ya fito daga tsangayar ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko ya yi NCE a Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE) Zariya sannan ya ɗora digiri, har ya haɗa addini da kasuwanci, ya sani cewa shugaban makaranta giɓin darasi ɗaya yake son cikewa. Don haka tun kafin ka rubuta takardar neman aiki, ka zaɓi fannin da za ka sa a gaba. A Zariya shawarar ita ce ka gabatar da kasuwanci, ka biyo da addini. Gari ne na malamai da zaurukan karatu, duk inda aka buɗe gurbin malamin addinin Musulunci za ka tarar da mahaddata da masu Larabci a layi. Wanda zai koyar da lissafin kuɗi na babbar sakandare har ɗalibai su ci WAEC da NECO ya fi wuyar samu.

Fara da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa da doka ta 31 ta shekarar 1993 ta kafa. Jarrabawar a kwamfuta ake yi. Mai digiri yana rukunin C, mai NCE yana rukunin D, lasisin kuma duk shekara 3 ake sabunta shi. Kada ka bari sai an buɗe ɗaukar aiki kafin ka nema, domin kwanakin da ake bayarwa ba sa isa a yi jarrabawa a karɓi shaida. Ka kuma jera takardunka a tebur ka duba sunanka: na firamare, na sakandare, na jami'a, na bautar ƙasa, lambar NIN da takardar shaidar ƙaramar hukuma. "Muhammad" a wannan, "Mohammed" a waccan, ko ranar haihuwa iri biyu, ya isa a ajiye fayil ɗinka ranar tantancewa. A gyara da rantsuwar kotu tun da wuri.

Ƙofar gwamnatin jihar Kaduna biyu ce: SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ga makarantun matakin farko, da hukumar ɗaukar malaman sakandare. Mai digiri yakan fara a mataki na 8, mai NCE a na 7. Ka shirya wa jarrabawa da gaske. Jihar nan ce a 2017 ta gwada malaman firamare, aka ce 21,780 sun faɗi, aka sallame su. Dokar tarayya ta 2022 ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, abin da ke ƙara wa aikin gwamnati armashi. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka takardar kama aiki, ka bar shi da takardarsa.

Makarantu masu zaman kansu, musamman masu haɗa boko da Islamiyya da tahfizi a Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru, nan ne fannonin biyu suke yin rana tare. Da safe ka koyar da kasuwanci, da yamma fiƙihu, wani lokaci ma a miƙa maka littafin kuɗin makaranta. Nan ma ake yawan cutuwa: aikin mutum uku, albashin mutum ɗaya. Nemi takardar ɗauka a rubuce, mai faɗin darussa nawa ne a mako, ranar biyan albashi, da ko ana biya lokacin dogon hutu. Idan riƙe kuɗi ya shigo, a ware masa alawus, kuma kada ka karɓi ko naira ɗaya ba tare da rasit ba. Masu bin manhajar NBAIS, hukumar jarrabawar Larabci da ilimin addinin Musulunci, sukan nemi Larabci mai ƙarfi, ka auna kanka kafin ka je. Mai fannin addinin Kirista kuwa, makarantun mishan na wajejen Wusasa zai fara dubawa.

Ranar ganawa akan ba ka alli da 'yan mintoci ka koyar. Tafi da shirin darasi biyu, ɗaya na kowane fanni. Wanda ya haɗa lissafin zakkar dukiyar kasuwanci, kashi 2.5 cikin 100 bayan cikar nisabi da shekara, da yadda ake ƙirga kayan shago a cire bashi, ya nuna fannonin biyu a allo ɗaya.

Bayan aji akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank a 2019, da kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci. Sanin nau'o'in cinikin Musulunci irin murabaha da ijara da mudaraba zai taimaka a gaban masu ganawa, amma jarrabawar farko lissafi ce da Turanci, kuma akan sa iyakar shekarun haihuwa ga sabbin ɗauka. Ka koyi Excel sosai, ka kuma fara jarrabawar ICAN ta ƙwararrun akantoci idan da hali. Mai sha'awar koyarwa a kwalejin ilimi ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli ya nemi digiri na biyu a fanni ɗaya tak, domin sashe guda ne zai ɗauke shi.