Kafin ka sayi doguwar motar dizal a Ingila

Duk wanda ya taso a Kaduna yana da ƙauna ta musamman ga doguwar mota mai faffaɗan baya. A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kakuri, kuma 504 mai layi uku ita ta yi shekaru tana jigilar mu daga tashar Kawo zuwa Zariya da Kano. Shi ya sa ba na mamaki idan ƙannenmu da suka tafi karatu ko aikin jinya a Ingila suka turo mini hoton BMW 520d Touring, ko Mercedes E220d, ko Audi A6 Avant ta hannu, suna cewa, "Yaya, ka ga farashin kuwa?" Na zauna a can kafin in dawo gida, kuma abin da nake gaya musu shi zan rubuta a nan.

Motocin nan suna da kyau, babu ja. A babbar hanya ba ka jin ƙarar inji, mai ba ya tafiya da sauri, kuma bayanta zai ɗauke keken jariri da buhun shinkafa da akwatunan baƙon da ka tarbo a filin jirgin Heathrow, har da sauran wuri. Idan aikinka na kai ka gari zuwa gari ne, kamar a ce kullum sai ka yi nisan Kaduna zuwa Zariya, to ka samu abin hawa.

Amma yawancin sababbin zuwa ba haka rayuwarsu take ba. Kai yara makaranta ne, da kanti, da masallacin Juma'a, tafiyar da ba ta wuce Unguwar Rimi zuwa Kasuwar Barci ba. A nan dizal ke cin amanar mai shi. A cikin salansa akwai matata da ake kira DPF, wadda ke tare baƙin hayaƙi. Ba ta ƙone abin da ta tara sai inji ya yi zafi sosai a doguwar tafiya ta minti 20 ko fiye. Idan kullum gajeren zango ne cikin sanyi, sai ta toshe, fitila ta kama a gaban sitiyari, mota ta ƙi gudu. Kada kuma wani ya ce maka a fasa ta a cire kamar yadda za a yi a Panteka. Motar da aka cire wa ita ba ta cin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kuma hawa titi da ita laifi ne.

Sai shekarar motar. A Landan, dizal ɗin da bai kai matakin tsabtar hayaƙi na Euro 6 ba, wato akasarin waɗanda aka yi wa rajista kafin Satumbar 2015, ana biya masa fam 12.50 duk ranar da ya fita, kuma tun Agustan 2023 dokar ta game duk unguwannin birnin. Birmingham ma tana karɓar fam 8 a tsakiyar gari. Wannan shi ne sirrin arahar da ka gani. Sa lambar motar a shafin hukumar sufurin Landan, nan take za ka san matsayinta.

Idan ka je dubawa, roƙi mai ita kada ya tayar da inji kafin ka iso. Taɓa bonet ka ji da sanyi, sannan a kunna. A BMW masu injin N47, na wajen 2007 zuwa 2014, saurari bayan inji ta wajen gilashi: ƙarar kacau-kacau alama ce ta lalacewar sarƙar inji, kuma tana can baya ne, aikinta babba ne. Tsuguna ka duba ko bayan motar ya zauna bayan ta kwana, domin BMW da Mercedes ɗin nan da jakar iska suke ɗaukar kaya. A can kuɗin hannun makaniki awa-awa ake lissafa shi, babu "Oga, a taimaka."

Tarihin MOT kyauta ne a shafin gwamnati, yana nuna mil ɗin kowace shekara. Ka ga takardar rajistar motar, wato V5C, da idonka, ka biya ɗan kuɗi a bincika ko akwai bashi a kan motar. Kafin ka ba da ko sisi, nemi farashin inshora, domin ga sabon zuwa mai lasisin Najeriya yana iya kusantar kuɗin motar kanta. Lasisin nan ma wata 12 kawai zai yi maka, daga nan sai ka ci jarrabawarsu.

Masu cewa in ta tsufa su turo ta Kaduna, su tuna sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, kuma an hana shigo da irinta. Ga mai zirga-zirgar cikin gari, ni dai ƙaramar mota mai fetur nake ba shi shawara, Toyota ko Honda ta 2006 zuwa sama, wadda galibi ba a cajin ta a Landan, har ya samu lasisin can, inshora ta sauko.