Babi na 6: Kofin da kika bari a tebur ba naki bane kuma

To 'yan aji, wannan babin akan mugayen mutane ne masu zubawa mutum magani a abin sha dan ya fita hayyacinsa, su yi masa fyaɗe ko sata. Yafi faruwa da mata shi yasa zan riƙa cewa "ke", amma maza kar ku ce bai shafe ku ba. Wadda karatu ke mata wuya ta bi da yatsa a hankali, ba sauri muke ba.

Darasi na 1: Me ake zubawa?

Sunaye 3 zaki riƙe. Na farko Rohypnol, ƙwayar barci ce mai ƙarfi wadda wasu ke cewa roci. Kamfanin da ke yinta ya saka mata kala dan ta mayar da abin sha shuɗi, amma a lemo mai duhu ba zaki gani ba, kuma akwai irinta marasa kalar. Na biyu GHB, shi kamar ruwa yake, ba kala ba wari, sai ɗan gishiri-gishiri a baki wanda zaƙin lemo ke ɓoyewa. Na uku ketamin, maganin da ake sawa mutum ko dabba barci lokacin tiyata. Wani kuma giya ce kawai zai tsiyaya miki a lemo baki sani ba. Kin ga kenan ido da hanci ba zasu cece ki ba.

Darasi na 2: Kofinki

Nan ne zamu daɗe, dan nan kowa ke faɗuwa. Ga dokar, karanta da ƙarfi:

Idan na bar kofina, ba zan ƙara sha ba.

Sake karantawa. Madalla. Yanzu rubuta ta a littafinki sau 3, ko rubutun bai yi kyau ba babu komai.

Me ake nufi da "bari"? Kin tashi zuwa banɗaki, kin bari. Kin fita amsa waya, kin bari. Kin juya baya kina gaisawa da wata kofin yana bayanki, wannan ma kin bari. Zuba abu baya cin minti ɗaya, hannu ne kawai zai wuce ta saman kofin kamar mai miƙa wani abu, shikenan an gama.

Na sha gwada wannan a aji. Zan ba ɗaliba ruwa a kofi, in sa a kira ta bakin ƙofa, in jefa ɗan gishiri a ciki, ta dawo ta zauna ta ɗauka ta kurɓa sai ta yamutsa fuska, alhali yanzun nan ta gama karanta min dokar da bakinta. Ba laifi, hannu ne ya saba, haka ake koyo. Amma ku yi min gaskiya, sau nawa zan faɗa? Wata ma ce min tayi "Malama ai asara ce in zubar da rabin kwalba". Haba baiwar Allah! Rabin lemo kike lissafi ana maganar rayuwarki? Wata tace kunya take ji kar wanda ya saya mata yaji haushi. To yaji mana. Mutumin kirki ba zai yi fushi dan kin ce a kawo miki sabo ba, wanda ya dage sai kin shanye wancan ɗin, shi ne abin tsoro. Kuma ku daina cewa "ai na san shi", sau da yawa wanda aka sani ne yake aikatawa.

Kwalba ko gwangwani ki buɗe da hannunki, ko a buɗe kina kallo. In zaki tashi ki tafi da shi, ki ɗora yatsa a bakin kwalbar. In kin manta kin bari fa? Faɗa min. Ba zaki ƙara sha ba. Yauwa.

Darasi na 3: Alamomi

Cikin minti 15 zuwa 30 sai jiri, barci mai nauyi, ƙafa ta ƙi ɗaukarki, harshe ya karye, ido na gani dishi-dishi. Kar ki tsaya tunani, ki faɗawa ƙawar da kika yarda da ita nan take. Kar ki fita shan iska ke kaɗai, kar ki bi wanda yace zai kai ki gida. In ƙawarki ce ta faɗi, ki kwantar da ita ta gefe kar amai ya shaƙe ta, a nemi asibiti, kar ki matsa daga wajenta.

Darasi na 4: Idan abin ya riga ya faru

Kin farka baki tuna komai ba, ba laifinki bane. Ki je asibiti da wuri kafin kiyi wanka, da kayan jikinki, ki ce a gwada fitsari dan GHB yana ɓacewa cikin kamar awa 12. Maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72, ki tambayi na hana ɗaukar ciki ma. Sannan 'yan sanda.

Darasi na 5: Aiki

Rufe littafin, rubuta dokar darasi na 2 da ka. Ki kawo min gobe.