Ruwa biyu da wasiƙar mai gida

In kun sauka Ingila, katin bas, layin waya, rajistar likita, duk mako guda ya ishe ku, 'yan uwa a masallaci za su nuna muku hanya, kuma a nan kam jama'armu ba su da rowa. Inda na sha wuya shi ne rubuta wa mai gida.

Shekarata ta farko a Manchesta, injin ɗumama gida ya mutu a tsakiyar Janairu, bangon ɗakin kwana ya yi fumfuna. Na rubuta wa dillalin gidan wasiƙa irin tamu, ina gajiya, ya iyali, ƙorafin kuwa yana can ƙasa a cakuɗe. Shiru kake ji. Da na tashi aka zabtare kuɗin fenti daga kuɗin ajiyar da na biya lokacin kama gidan, wai ban taɓa sanar da su ba. Har yau ina ganin sababbin zuwa suna irin wannan rubutun, in ka yi magana su ce Turanci ai a Najeriya suka iya shi.

Abin da zai fito da ƙorafinku fili shi ne ruwa biyu, ɗigon nan biyu ɗaya bisa ɗaya, cewa yake "ga bayani nan tafe". Sharaɗinsa, maganar da ta gabace shi ta zama cikakkiyar jimla: "The flat has three problems: no heating, mould and a leaking tap." Kada ku liƙa shi bayan "are" ko "including" a tsakiyar jimla. A taken saƙon ma ku sa shi, nan kam ba sai cikakkiyar jimla ba: "Repair request: no heating since 9 January". Dillali mai saƙo ɗari a gabansa wannan layin zai fara gani.

A Ingila ƙaramin baƙi ke bin ruwa biyu. "Dear Sir:" salon Amurka ne, nan waƙafi ake sawa. 'Yan uwa na Nijar da Kamaru, sararin da Faransanci ke bari kafin ruwa biyu babu shi a Turanci.

Doka ta ba mai gida kwana 30 ya saka kuɗin ajiyarku a tsarin kariya da gwamnati ta amince da shi, kuma tun 2019 yawanci ba ya wuce hayar mako biyar. In rigima ta tashi, mai sasantawa takardu yake karantawa, ba ya jin rantsuwa. Tawa wasiƙar, ko ni da na sake duba ta sai a layi na goma sha ɗaya na tarar da fumfunar.