Yadda ake gwada aikin cron kafin a bar shi ya kwana shi kaɗai

A ce kai ke kula da kwamfutar wani shagon atamfa a Kantin Kwari. Ka rubuta fayil ɗin umarni da zai riƙa adana lissafin ciniki, ya goge tsofaffin kwafi, kullum ƙarfe 2 na dare. A Linux, cron, manhajar da ke tashin ayyuka a lokacin da aka tsara musu, shi ne zai tashe shi, a lokacin kai kana sharar barci. In ya goge abin da bai kamata ba, daga bakin Alhaji za ka ji da safe.

Fara da adana jadawalin da ke akwai: crontab -l > ajiya.txt. Da crontab -e ake gyara jadawalin, amma harafin e da r maƙwabta ne a allon rubutu, kuma crontab -r share jadawalin yake yi kakaf, ba tambaya.

Sannan ka nisanci ainihin lissafin. Buɗe folda a /tmp, ka zuba kwafi, ka juya fayil ɗin can. Duk inda ka rubuta rm, umarnin gogewa, sa echo a gabansa, don ya faɗi abin da zai goge ba tare da ya taɓa shi ba. In rsync kake amfani da shi wajen yin kwafi, ƙara -n, shi ma zai faɗi abin da zai yi ba tare da ya yi ba. Da bash -n za ka kama kuskuren rubutu, bash -x kuma zai nuna maka kowane layi yayin da yake gudana.

Ga inda aka fi faɗawa rami. Aiki ya tafi lafiya a hannunka, amma cron ba ya shigowa da kayanka. Da /bin/sh yake aiki, kuma PATH ɗinsa, wato jerin foldojin da yake neman umarni a ciki, galibi /usr/bin:/bin ne kawai, saboda haka abin da ka girka a /usr/local/bin ba zai gan shi ba. Kwaikwayi wannan talaucin da env -i PATH=/usr/bin:/bin /bin/sh aiki.sh, in aiki.sh ne sunan fayil ɗinka. Abin da ya karye, rubuta masa cikakkiyar hanyarsa. Alamar % ma fitina ce: a crontab sabon layi take nufi, sai ka sa mata \ a gaba.

Yanzu miƙa wa cron ɗin kansa. Sa taurari biyar (* * * * *) a gurbin lokaci, wato kowane minti, ka ƙare layin da >> /tmp/gwaji.log 2>&1, ka karanta abin da ya fito. In aikin mai jan lokaci ne, flock -n zai hana na biyu hawa kan na farko. Kada ka manta ka cire taurarin bayan gwaji.

Buga date ka ga agogon na'urar. Sabar haya sau da yawa a kan UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, take, mu kuma a Kano muna gaba da awa 1, ƙarfe 2 ɗinta ƙarfe 3 ne namu.

Saura batun wuta. In an ɗauke, kwamfutar ta mutu a lokacin aikin, cron ba ya ramuwa. Ko ka koma anacron, wanda ke biyan bashin da zarar an kunna, ko ka mayar da aikin bayan La'asar, kafin a kashe janareta a rufe shago.