Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta bayanin cip ɗin Wi-Fi a Linux, da gyaransu

Duk wanda ya taɓa tura faci, wato gyaran lamba, zuwa kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar, don saka sabon cip ɗin Wi-Fi ya san ba a lambar direba (manhajar da ke sarrafa cip ɗin) kaɗai ake makalewa ba, sau da yawa a ɗan fayil ɗin YAML ɗin nan ne da ke cikin Documentation/devicetree/bindings/net/wireless/. Fayil ɗin shi ke faɗin yadda za a siffanta cip ɗin a Device Tree, wato bayanin da ke faɗa wa kanel kayan da ke kan allon na'ura: adireshinsa, layin wutarsa, fil ɗin da ke tada shi, da sauransu. Masu duba shi irin su Rob Herring da Krzysztof Kozlowski da Conor Dooley kullum kusan gyara iri ɗaya suke maimaitawa, to bari mu bi su.

Babban kuskuren, wanda sauran kusan duk daga shi suka fito, shi ne mutum ya siffanta direba maimakon ƙarfen kansa. Za ka ga an rubuta "wannan na direban kaza ne", ko a ƙirƙiro wata sifa kawai don a kunna wani abu a cikin manhaja, alhali babu wata waya ko fil a jikin allon da ta yi daidai da ita. Wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne, don bayanin nan alkawari ne, da zarar ya shiga kanel ya zama abin da wasu ke dogaro da shi, U-Boot, manhajar da ke tada na'ura, na amfani da Device Tree, FreeBSD, wani tsarin aiki daban da Linux, ma haka, kuma akwai alluna da aka riga aka sayar ɗauke da tsohon bayanin, ba za ka bi gida-gida ka canza musu ba. Shi ya sa ma lasisin sabbin fayiloli ke zama GPL-2.0-only ko BSD-2-Clause, don wasu su iya ɗauka. Gyaran dai: buɗe takardar bayanin cip ɗin daga kamfani, abin da ka gani a ciki shi za ka rubuta. Kuma ka rubuta shi duka tun farko, ko da direbanka bai fara taɓa wani layin wuta ko agogo ba tukuna. In ka bari sai daga baya ka ce ai yanzu sifar layin wuta vddio-supply dole ce, ka karya duk allunan da ba su saka shi ba.

Sai maganar compatible, wato sunan da direba ke gane cip ɗin da shi, nan ma ana shan wahala. Kar ka sa x ko alamar tauraro don ka haɗe iyalin cip gaba ɗaya, irin bcm43xx, ainihin lambar cip ɗin ake so. In sabon cip yana aiki irin na tsoho, sai ka jera biyu, takamaimai a gaba, na gama-gari a baya, kamar brcm,bcm43455-fmac sannan brcm,bcm4329-fmac. Amfaninsa shi ne ranar da aka gano wata matsala da ta shafi wannan cip ɗin shi kaɗai, direba zai iya gane shi ba tare da an taɓa Device Tree ba. Sunan fayil ɗin ma ya bi compatible, kamar microchip,wilc1000.yaml, kuma sunan kamfani ya kasance yana cikin vendor-prefixes.yaml, in babu shi ka tura nasa facin daban.

Wani abin da ke ci min rai shi ne ƙirƙiro abin da ake da shi tuntuni. Mutum zai kawo sabuwar sifa da sunan kamfaninsa don iyakance mitar da rediyo zai yi aiki a kai, bayan ga ieee80211-freq-limit nan a ieee80211.yaml, ana ba ta iyaka a kHz, sai ka jawo fayil ɗin da $ref kawai. Haka local-mac-address, haka reset-gpios, haka nvmem-cells in bayanan daidaita rediyon suna ajiye a wani wuri. Ka leƙa mediatek,mt76.yaml da qcom,ath11k.yaml kafin ka rubuta layi ɗaya, za ka rage wa kanka zagaye.

A kula da hanyar da cip ɗin ke haɗe. Na SDIO, wato mai haɗuwa ta hanya irin ta katin SD, ɗa ne a ƙarƙashin mai sarrafa MMC da ke kula da wannan hanyar, reg ɗinsa, wato adireshinsa, lambar aiki ce, yawanci 1, don haka sunansa wifi@1, ba sunan cip ɗin ba. Na PCIe kuwa yana bayyana kansa da kansa, sai dai ba zai bayyana ba in ba a ba shi wuta ba, shi ya sa har shi ake masa bayani, da compatible irin pci17cb,1103 na WCN6855 ɗin Qualcomm.

Ƙananan da ke maido da faci nan take: mantawa da additionalProperties: false, wanda ke hana sifofin da ba a lissafa ba, ko sa shi a inda unevaluatedProperties ya dace wato inda ka jawo wani fayil, rashin faɗin interrupts nawa ne da maxItems, barin status a cikin misali, misali kuma tazarar 4 ake so. Na'ura za ta kama maka da yawansu in ka sabunta dtschema, kayan aikin da ke duba waɗannan fayiloli, ka gudu make dt_binding_check da DT_SCHEMA_FILES yana nuna fayil ɗinka, sannan make dtbs_check a kan Device Tree na allo na gaske. Akwai mutum-mutumin da ke gwada abin da aka turo, shi zai fara amsa maka da jerin kurakurai kafin wani ɗan Adam ya duba.

Wajen turawa kuma, bayanin cip ɗin yana da facinsa daban, kuma shi ke zuwa kafin na direba, kan saƙon ya fara da dt-bindings: net: wireless: sannan sunan cip, kar ka sake maimaita kalmar bindings a ƙarshe. Sunayen waɗanda za ka tura wa ka samo su daga scripts/get_maintainer.pl a kan sabon kanel, ba tsohon da kamfani ya ba ka ba. In an ba ka Reviewed-by, wato shaidar cewa mai dubawa ya amince, a zubi na 1, ka ɗauko shi ka saka a zubi na 2, b4, kayan aikin sarrafa faci, na yin wannan da kansa, in kuma ka cire shi saboda ka canza abu mai yawa to ka faɗi dalili a ƙasan layin --- ɗin nan.