Yadda Ake Lissafin Tsawon Tafiyar Jirgi Daga Kano Zuwa Jidda

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 3,400. Ka raba wannan adadi da 850, wato kusan kilomitan da babban jirgin fasinja yake ci a awa guda, za ka samu awa huɗu, sannan ka ƙara rabin awa saboda tashi da sauka.

Inda matafiya suka fi ruɗewa shi ne agogo, domin lokacin sauka da ke rubuce a tikiti na Saudiyya ne, wadda take gaban Najeriya da awa biyu. Jirgin da ya tashi da ƙarfe 10 na safe zai sauka wajen ƙarfe 4:30 na yamma a Jidda, alhali agogon hannunka yana nuna 2:30.